Ka ba da lamba biyu don ka matsa gaba a layi: riba ce ko cinikin biri a sama?

Sani_Etobicoke:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya muka yi musu da wani abokin aikina mai goyon bayan Philadelphia har lokacin cin abinci ya wuce ba mu sa komai a baki ba. Kan zaɓen matasan 'yan wasa na 2025 ne na NHL, babbar gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta Amurka da Kanada, inda Flyers, wato ƙungiyar Philadelphia, suka miƙa wa Pittsburgh lamba ta 22 da ta 31, aka ba su ta 12, suka ɗauki Jack Nesbitt. Shi a ganinsa dabara ce. Ni kuwa na ce masa duk ƙungiyar da ta ba da gurbi biyu don ta matsa gaba, cinikin biri a sama ta yi. Yaro ɗan shekara 18, gemu bai gama tsiro masa ba, wa ya san abin da zai zama nan da shekara biyar?

Hujjata ita ce abin da ya same mu a Toronto a 2011. Muka ba Anaheim lamba ta 30 da ta 39 don mu hau ta 22, muka ɗauko Tyler Biggs. Ko wasa ɗaya bai taɓa bugawa a NHL ba. Su kuwa suka ɗauki Rickard Rakell da John Gibson da lambobin namu. Ɗaya ya ci sama da ƙwallo 30 kaka biyu a jere, ɗayan ya shekara da shekaru yana tsare musu raga. Akwai wanda zai iya gamsar da ni cewa wannan ciniki yana da amfani?

Dan_Fagge:
Wa alaikumussalam. Ku yi haƙuri da ɗan uwanku, ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, ƙanena ne ya jefo ni wannan rukuni. Wace lamba ce ake sayarwa? Ba kuɗi ake biya a sayi ɗan wasa ba?

Injiniya_Calgary:
@Dan_Fagge barka da zuwa. A gasar NHL babu makarantar renon yara irin ta Barcelona da ƙungiya za ta tara yaranta. Duk ƙarshen watan Yuni ƙungiyoyi 32 suna bin layi, kowacce ta kira sunan yaro ɗaya, a zagayo har sau bakwai, yara 224 ke nan. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne a gaban layi, sai dai ana jefa ƙuri'a kan na farko-farko don kada wata ta riƙa faɗuwa da gangan. Wurin tsayuwarka a layin kadara ce. Kana iya ba da shi a ba ka ɗan wasa, ko ka haɗa biyu na baya ka karɓi ɗaya na gaba. Kuɗi hannu da hannu kuwa an hana tun yarjejeniyar 2005.

Dan_Fagge:
To ai kamar layin mai ne lokacin wahalar fetur. Na gane. Ku ci gaba, ina gefe.

Zazzau_Oilers:
Malam Sani, ka faɗi rabin labari ka ɓoye rabi. Wane ne janar manajan Toronto a 2011? Brian Burke. To shi ɗin dai ne ya yi cinikin hawa layi da har yau ake ba da labarinsa. A 1999 yana Vancouver da lamba ta 3, ga tagwaye 'yan Suwidin, Daniel da Henrik Sedin, yana son su duka biyun. Ya ba Chicago Bryan McCabe da zaɓen zagayen farko ya karɓi ta 4. Ya haɗa ta 4 da zaɓe biyu na zagaye na uku ya ba Tampa Bay ya karɓi ta 1. Sannan ya ba Atlanta ta 1 ya karɓi ta 2, bisa sharaɗin su ɗauki Patrik Stefan su bar masa tagwayensa. Henrik ya zama gwarzon gasar a 2010, Daniel ya fi kowa maki a 2011, su biyun a Vancouver suka yi ritaya a 2018. Mutum ɗaya, hali ɗaya. Ranar da ya dace ana ce masa mai hangen nesa, ranar da ya kuskure ana ce masa mai gaggawa.

Sani_Etobicoke:
Ai ka taimake ni ne ba ka sani ba. Idan mutum ɗaya zai yi wannan ya kuma yi wancan, ashe caca ce.

Zazzau_Oilers:
A'a. Lamba ta 2 da lamba ta 22 ba kasuwa ɗaya ba ce.

Ummi_Lissafi:
Maganar Yaya Zazzau ta ƙarshe ita ce ƙashin bayan zancen, don Allah kada a wuce ta. Darajar lambobin nan ba kamar matakalar bene take ba, da kowane tsani daidai yake da ɗan uwansa. Daga ta 1 zuwa wajen ta 10 gangara ce mai tsananin tsayi, daga nan sai ƙasa ta fara miƙewa, kafin a kai ƙarshen zagayen farko ta kusa zama fili. Yaron da za a ɗauka na 22 da wanda za a ɗauka na 30, in ka tambayi masu farautar 'yan wasa goma, jerinsu ba zai zo ɗaya ba. Wanda wannan ya sa na 20, wancan ya sa shi na 45. To a irin wannan wuri me ka saya da ka ba da ƙarin lamba? Ra'ayinka ka saya. Ka biya don kana ganin idonka ya fi na sauran ƙungiyoyi 31.

A sama kuwa yawanci kowa ya san su wane ne, shi ya sa mai riƙe da lambar ba ya saki. Ku duba, rabon da a sayar da lamba ta 1 bayan an san ta ɗaya ce tun 2003.

Injiniya_Calgary:
2003 ɗin nan ita ce ta gola Marc-André Fleury ko? Da Pittsburgh ta yi ciniki da Carolina.

Ummi_Lissafi:
Da Florida ne, Injiniya. Carolina tana ta 2, ta ɗauki Eric Staal. Pittsburgh ta tashi daga ta 3 zuwa ta 1, ta ƙara da Mikael Samuelsson da musayar wasu lambobi na baya. Florida ta ɗauki Nathan Horton a ta 3. Kuma shekarar da ta gabata ma Florida ɗin ce ta sauka daga ta 1 zuwa ta 3 ta bar wa Columbus Rick Nash.

Injiniya_Calgary:
Haka ne, na gode ƙanwata. Tsufa ya fara. Fleury dai Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, sau uku ya ɗaga da Pittsburgh, 2009 da 2016 da 2017, babu mai cewa an yi asara.

Amma tunda an zo kan masu tsaron raga, bari in tona asirin garinmu da kaina kafin Zazzau ya riga ni. A 1990 Calgary tana lamba ta 20, ta ƙagu tana son gola, ta yi ciniki da New Jersey ta hau ta 11 ta ɗauki Trevor Kidd. New Jersey ta sauko ta 20 ta ɗauki wani golan, Martin Brodeur. Wasa 691 ya ci, babu golan da ya kai shi a tarihin gasar, ga kofi uku. Mun saki reshe mun kama ganye, kuma mun biya kuɗin ganyen. Akwai wani dattijo maƙwabcina, duk ranar da muka haɗu muna kwashe ƙanƙara a ƙofar gida sai ya tayar da wannan zance, kai ka ce bara aka yi.

Zazzau_Oilers:
Da na bar maka, wallahi. Mu ma muna da namu tabon.

BabaGoni:
Yara, ku bi a hankali. Duk wannan lissafi da kuke yi ihu ne bayan hari. Sani, ka ce Anaheim ta ɗauki Rakell da Gibson da lambobinku. Wa ya ce maka da Toronto ta tsaya a wurinta su za ta ɗauka? Mutanen da suka ga Biggs suka ce shi ne, su ɗin ne dai za su zauna su yi zaɓen na 30 da na 39. Suna neman ƙato mai faɗa ne a lokacin, da wani ƙaton za su ɗauko. Laifin ido ne kuke ɗora wa ciniki.

Zazzau, faɗa musu naku na 2003, ya fi daɗi a bakinka.

Zazzau_Oilers:
Baba ka matsa mini. To. Edmonton tana ta 17, New Jersey ta zo da ta 22 da ta 68, muka karɓa muka ja baya. Suka ɗauki Zach Parise. Kafin layi ya zo kanmu Ryan Getzlaf ya tafi a ta 19, Brent Burns a ta 20. Muka ɗauki Marc-Antoine Pouliot. Abin haushin shi ne a lokacin Ryan Kesler yana nan, shi ya tafi na 23. Mike Richards na 24. Corey Perry na 28. Wato ko bayan mun ja baya, arziki yana gabanmu a shimfiɗe, muka tsallake.

Kuma Malam Sani, Perry ɗin nan Anaheim hawa ta yi ta ɗauke shi. Zaɓe biyu na zagaye na biyu ta ba Dallas. Ga ciniki a wajen lamba ta 28, inda Ummi ta ce fili ne, kuma ya haifar da gwarzon gasar na 2011.

Ummi_Lissafi:
Ban ce ba a dacewa ba, Yaya. Mai caca ma yana ci wata rana. Kuma 2003 shekara ce da ba a cika samun irinta ba, har zagaye na bakwai an tsinci Joe Pavelski a lamba ta 205. Ga wasu a ajiye kusa da naka: 2013 San Jose ta ba Detroit ta 20 da ta 58 don ta matsa taki biyu kacal, ta ɗauki Mirco Mueller, Detroit ta tafi da Anthony Mantha da Tyler Bertuzzi. A 2021 Detroit ɗin ce ta hau daga ta 23 zuwa ta 15 don gola Sebastian Cossa, ta ba Dallas lambobi uku. Dallas ta ɗauki Wyatt Johnston a ta 23, yaron da bai buga kakar ba gaba ɗaya saboda an soke gasar matasa ta Ontario lokacin korona. Bai daɗe ba ya fara zuba sama da ƙwallo 30 a kaka.

Sani_Etobicoke:
Kuma a 2025 Detroit ta je ta nemo wa? John Gibson. Gibson ɗinmu na lamba ta 39. Duniya kenan.

BabaGoni:
Gola ba ya nuna da wuri, ku ba Cossa lokaci. Tuwon da aka sauke yanzu ba a sa masa hannu.

MamanKhalil_Wpg:
Sallama gare ku. Ni ban iya riƙe lambobi kamar Ummi ba, amma abin da na lura shi ne kowa yana kawo cinikin da wani ya yi kuka ne. Yawancinsu fa babu wanda ya yi kuka, babu wanda ya yi guɗa. Mu nan Winnipeg a 2016 mun hau daga ta 22 zuwa ta 18 muka ɗauki Logan Stanley saboda tsawonsa, mutum kusan mita biyu. An yi ta surutu a gari. Philadelphia da ta karɓi ta 22 da ta 36 ta ɗauki German Rubtsov da Pascal Laberge, ba su zama komai a gasar ba. Stanley dai ya buga mana shekaru a layin baya, ba tauraro ba, ba kuma asara ba. Wa ke tuna wannan in ba mu ba?

Wani abu kuma, ɗana yana buga wa ƙungiyar yara ta unguwa, shekararsa 12. Yaron da ya fi su duka bara, bana an kamo shi, don sauran sun yi tsawo. Ina kallon wannan da idona daga kan benci cikin sanyi da ƙarfe shida na safe. Shi ya sa in na ji babban mutum ya rantse a kan ɗan shekara 18 sai in yi murmushi kawai.

Dan_Fagge:
Hajiya, ɗan Bahaushe a kan ƙanƙara? Allah ya raya shi. Akwai ma ɗan Najeriya da ya taɓa buga wannan wasa?

Zazzau_Oilers:
Kai, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Rumun Ndur a Zariya aka haife shi, ya tashi a Ontario, Buffalo ta zaɓe shi a 1994. Akim Aliu a Okene aka haife shi, Chicago ta ɗauke shi a 2007. Jarome Iginla kuwa mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi a Edmonton aka haife shi, amma ya je ya zama sarkin Calgary, abin da har yau ban yafe ba.

Injiniya_Calgary:
Dallas ce ta zaɓe shi na 11 a 1995, muka ba su Joe Nieuwendyk muka karɓe shi kafin ya buga musu ko wasa ɗaya. Su suka ci kofi a 1999 da Nieuwendyk, mu muka sami kyaftin. Wannan cinikin kowa ya koma gida da fara'a. Ɗansa Tij ma Utah ta ɗauke shi na 6 a 2024.

Shugaban_Rukuni:
Jama'a a dawo kan tambayar Malam Sani. Zancen 'yan Najeriya a gasar a buɗe masa nasa zaure.

DanMaradi_Mtl:
Ina yininku. Ni abin da ban ji an faɗa ba shi ne farashi. Ana ta cewa hawa, hawa, kamar duk kuɗinsa ɗaya. A 2008 Ottawa ta tashi daga ta 18 zuwa ta 15, abin da ta ƙara wa Nashville zaɓen zagaye na uku ne na shekara mai zuwa, shi ke nan. Ta ɗauki wani siririn yaro ɗan Suwidin, Erik Karlsson, wanda ya zo ya ci kyautar gwarzon ɗan baya sau biyu a Ottawa, ya ƙara ta uku a San Jose. Nashville ta ɗauki gola Chet Pickard a ta 18, bai taɓa tsare raga a wasan NHL ba. A 2014 Tampa Bay taki ɗaya ta matsa, daga ta 80 zuwa ta 79, ta ba Minnesota zaɓen zagaye na bakwai, ta ɗauki Brayden Point. Kofi biyu, ga ƙwallo 51 a kaka ɗaya. In abin da za ka bayar kuɗin goro ne, kuma mutanenka sun ce yaron nan shi kaɗai ya rage a ajinsa, me za ka tsaya jira?

Wanda ya fi kowa iya wannan sana'a namu ne na Montreal, Sam Pollock. Shi ba ya jiran ranar zaɓe. Tun 1970 ya karɓi zaɓen farko na 1971 daga ƙungiyar Seals ta California, don ya ga alamar za su ƙare a ƙasa. Da Los Angeles ta fara yi musu takarar zama ta ƙarshe, sai ya tura mata Ralph Backstrom ya ƙarfafa ta. Seals suka ƙare a ƙarshe, Montreal ta ɗauki Guy Lafleur na 1. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ummi_Lissafi:
Na yarda da kai kan Point, zaɓen zagaye na bakwai kusan kyauta ne. Sai dai ka tuna Henrik Lundqvist na 205 ne a 2000, Zetterberg na 210 a 1999. Kuɗin goron ma wani lokaci akwai zinariya a ciki.

DanMaradi_Mtl:
Sunaye nawa za ki iya kawowa daga wannan zagaye cikin shekara 25? Ki ƙirga da yatsu, ba za ki kai ƙafa ba.

Injiniya_Calgary:
Akwai kuma abin da lissafin takarda ba ya gani. Ƙungiya ba ta da izinin riƙe kwantiragi sama da 50. In kana da zaɓe 12 ko 13 a shekara ɗaya, ina za ka kai su? Wasu haka za ka bar su su tafi ba ka sa musu hannu ba. Mai irin wannan tarin, haɗa biyu ya sayi ɗaya mai kyau ba ɓarna ba ce. Ina jin abin da Philadelphia ta duba ke nan a 2025, tana da zaɓe uku a zagayen farko ga wasu da yawa a na biyu. Wanda rumbunsa ya cika da wanda yake da mudu biyu ba za su yi ciniki iri ɗaya ba.

Sannan akwai iyakar albashi, wato jimillar kuɗin da ƙungiya ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta. Yaron da ka zaɓa yana shekara uku kan kwantiragin farko mai araha. In ya zama tauraro a cikin wannan lokaci, ka sami rarar da za ka sayi wasu. 'Yan wasa biyu masu matsakaicin ƙarfi kuwa ko a kasuwa ana samunsu kowane watan Yuli. Tauraro ne ba a samu.

Ummi_Lissafi:
In dai ta 12 ɗin tauraro ce. Nan ne muke ta zagaye.

BabaGoni:
Akwai abu guda da ba wanda zai rubuta a jarida. Manajan da ya ja baya, aka ɗauki tauraro a wurin da ya bari, har ya mutu ana nuna shi da yatsa. Manajan da ya hau ya kuskure, sai ya ce ai na yi ƙoƙari, na nuna jarumta. Kuma kafin a gane yaron ba zai yi ba an shekara biyar, wataƙila ma an riga an sallame shi. To wanne kuke ganin zai zaɓa daren Juma'ar da ake zagayen farko, kyamara tana kansa, mai ƙungiya yana zaune a bayansa?

Sani_Etobicoke:
Baba wannan gaskiya ce. Mu a 2008 mun hau daga ta 7 zuwa ta 5 don Luke Schenn, aka yi ta murna. Islanders na New York da muka yi cinikin da su suka sauka ta 7, suka sake sauka ta 9, suka tara lambobi, suka ɗauki Josh Bailey da ya buga musu wasa sama da 1,000. Karlsson kuma yana zaune har ta 15 muna kallonsa.

Amma don kada a ce ina da son kai, a 2015 mu ne muka ja baya. Muka ba Philadelphia ta 24, suka ɗauki Travis Konecny, wanda har ya zama jigonsu. Mu muka sake ja baya muka tara Travis Dermott da Jeremy Bracco da Martins Dzierkals. Abokin aikin nan nawa da wannan ya rufe mini baki jiya, na ƙi faɗa muku ne tun farko.

Zazzau_Oilers:
Hahaha! Ashe kun hau kun faɗi, kun sauka kun faɗi. Malam Sani, anya matsalar ciniki ce?

MamanKhalil_Wpg:
Ku bar bawan Allah haka, rabonsu da kofi tun 1967.

Sani_Etobicoke:
Hajiya har da ke? To ni dai har yanzu ina kan bakana game da ƙarshen zagayen farko. Na Karlsson da na Point na sassauta. Nesbitt kuma mun yi alkawari da mutumin, nan da shekara huɗu wanda ya faɗi zai sayi shawarma.

Dan_Fagge:
Tambaya ta ƙarshe. Ƙarfe nawa ake fara wannan zaɓen a agogon Kano?

Injiniya_Calgary:
Wajen sha biyun dare, kuma zagayen farko kaɗai yana cin sa'o'i. Ka tanadi shayi da caji.